Shin Yawan Masu Shiga Jami'a Zai Iya Zama Ma'aunin Makarantun Katolika a Yola da Jimeta?

Duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta saki sakamako, makarantun kuɗi a Jimeta da Yola kan shiga wata gasa da babu wanda ya kafa mata doka. Sai a buga ƙaton kyalle a rataye a jikin katanga, ɗauke da hotunan ɗalibai biyar ko shida cikin kayan makaranta, kowane da makinsa a ƙarƙashin hotonsa da manyan lambobi, wani lokaci har da sunan jami'ar da ta ba shi gurbi. Kafin la'asar hoton kyallen ya zagaya wayoyin iyaye, daga nan kuma hukunci ya biyo baya: wance makaranta ta fi wance. Makarantun ɗariƙar Katolika na cikin waɗanda aka fi auna su da wannan mudu, domin an daɗe ana yi musu shaidar horo da tsare lokacin darasi, har iyaye Musulmi ma kan kai musu 'ya'yansu. Hujjar da nake son kafawa a nan ita ce, yawan ɗaliban da suka samu gurbin karatu a jami'a, in aka ɗauke shi tsurarsa, ba ya faɗa mana ingancin koyarwar makaranta. Abin da yake aunawa shi ne irin yaran da makarantar ta ɗauka tun farko, da waɗanda ta sallama a hanya, da kuma yadda Najeriya ke rabon guraben jami'o'inta.

Tun kafin a kai ga lissafi, akwai matsalar abin da ake kwatantawa. Limaman ƙungiyar Agustin daga ƙasar Ayalan sun fara aikin mishan a Adamawa a 1940, Yola kuma ta zama cikakkiyar dayosis a 1962. Wasu daga cikin makarantun da suka gina, irin su Villanova ta Numan, sun koma hannun gwamnati lokacin da jihohi suka karɓe makarantun mishan a shekarun 1970. Saboda haka abin da ake kira makarantun Katolika a yau ba jinsi ɗaya ba ne: akwai na dayosis, akwai na ƙungiyoyin sistoci, akwai na kwana, akwai na jeka-ka-dawo da ke maƙale da majami'ar unguwa. Akwai kuma ƙaramar makarantar horon limamai ta St. Peter a Yola, inda Bishop ɗin Yola, Stephen Dami Mamza, ya yi karatu kafin ya wuce babbar makarantar limamai ta St. Augustine da ke Jos. Makarantar da aka kafa don ta raini limamai, nasararta tana ga yaron da ya bi wannan hanya, kuma wanda ya jera ta da sauran bisa yawan masu shiga sashen likitanci ya tambaye ta abin da ba ta yi alkawari ba.

Babbar matsala dai tana bakin ƙofa. Makarantar kuɗi mai suna tana tace yara sau biyu kafin ta koya musu ko harafi ɗaya: da jarrabawar shiga, sannan da kuɗin makaranta. Yaron da ya tsallake duka biyun ya fito ne, a mafi yawan lokuta, daga gidan da ake jin Turanci, aka biya masa firamare mai kyau, ake da halin ɗaukar malamin lesin, kuma akwai wayar da zai gwada tambayoyin JAMB a kai tun kafin ya zauna gaban kwamfuta, tunda tun 2015 jarrabawar ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya. Irin wannan yaro ko ina aka kai shi yana da rabo mai tsoka. Yaba wa makaranta kan sakamakonsa tamkar yaba wa manomi ne kan yawan buhunan shinkafarsa ba tare da an tambaya ko gonarsa fadama ce a bakin Binuwai ko tsandauri ce a tudu ba. Masana sun daɗe da wannan muhawara. A Amurka, James Coleman da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 1982 da ya nuna ɗaliban sakandaren Katolika sun fi na gwamnati cin jarrabawa, nan take kuma masu suka suka ce ai iyayen da ke zaɓar waɗannan makarantu dama daban suke. A 2005 Altonji da Elder da Taber suka sake bin lissafin da hanyar da ke ƙoƙarin cire tasirin wannan zaɓe, suka ga fifikon da ke cikin makin jarrabawa ba shi da ƙwaƙƙwarar shaida. Wanda ya fi kusa da mu shi ne binciken Lucas da Mbiti na 2014 a Kenya: sun kwatanta yaran da suka shiga fitattun makarantun ƙasa da ƙyar da takwarorinsu da suka rasa shiga da ɗan maki kaɗan, kuma a jarrabawar ƙarshe ta sakandare kusan babu bambanci tsakaninsu. Sunan makarantar ya yi tashe ne da ƙoƙarin yaran da ta tsince.

Tacewar ba ta tsayawa a ƙofar shiga, kuma a nan ne lissafin kashi-cikin-ɗari ya fi yaudara. A ɗauka makaranta ta farko ta karɓi yara 120 a aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Wasu suka kasa kai makin haye aji aka ce a nema musu wata makaranta, wasu kuɗi ya gagari iyayensu, wasu kuma suka faɗi jarrabawar gwaji a aji shida aka ƙi yi musu rajistar WAEC da sunan makarantar. Yara 60 suka rage, 54 suka samu jami'a, sai a rubuta kashi 90 cikin 100 a kyalle. Makaranta ta biyu ta karɓi 120, ta riƙe 110 har ƙarshe, 66 suka samu jami'a, wato kashi 60 cikin 100. A idon mai wucewa ta farko ta yi zarra. Amma daga yara 120 iri ɗaya, ta biyun ta kai mutum 12 jami'a fiye da ta farkon, kuma ba ta jefar da rabin ajinta ba. Alƙaluman misali ne, amma dabarar sananniya ce a makarantun kuɗi a faɗin ƙasar nan. Ga shi kuma rajistar JAMB ɗalibi ne ke yin ta da lambarsa ta ɗan ƙasa a cibiyar kwamfuta, don haka jerin da iyaye ke gani makarantar ce ta haɗa shi da kanta, ita ta zaɓi wanda za ta ƙirga. A jarrabawar 2024, kusan kashi 76 cikin 100 na waɗanda suka zauna ba su kai maki 200 cikin 400 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa ba su cika kashi 1 cikin 100 ba. Fuskoki shidan da ke jikin katanga daga wannan ɗan tsagi suka fito, ba su ce komai game da yaron da ke tsakiyar aji ba.

Sai kuma shi kansa gurbin, wanda ba maki kaɗai ke ba da shi ba. Ƙa'idar jami'o'in tarayya ita ce kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka ayyana a matsayin masu ƙarancin ilimin boko, Adamawa kuma na cikinsu. Ɗauki yara biyu da suka zauna benci ɗaya a Jimeta shekara shida, suka ci maki ɗaya, suka nemi kwas ɗaya a Jami'ar Modibbo Adama. Ɗaya takardar asalinsa ta Ganye ce ko Numan, ɗayan kuma an haife shi a Jimeta amma takardarsa ta Anambra ce, inda iyayensa suka fito. Na farkon yana da ƙofa uku, na biyun ɗaya. Makarantar da 'ya'yan 'yan kasuwa da ma'aikata baƙi suka fi yawa a cikinta za ta iya koyarwa fiye da maƙwabciyarta, amma ta fito a ƙasa. Haka nan zaɓen kwas: makarantar da ke tura yaranta neman likitanci da lauya za ta ga da yawa sun zauna a gida shekara guda, wadda ke karkatar da su zuwa kwasa-kwasan da ba a rububinsu za ta cika jerinta. A ɗaya gefen kuma, gurbi a jami'a mai zaman kanta irin Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola, ko a wata jami'a a ƙetare, ya dogara ƙwarai ga aljihun uba. Yarinyar da ta zaɓi Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Yola ko makarantar koyon jinya don ta fi kusa da gida, ita ba ta ma shiga lissafin.

Mai ja da wannan magana zai ce na wuce gona da iri. Zai ce makarantun Katolika suna da wani abu na haƙiƙa, kuma yana da gaskiya. Binciken 2005 ɗin nan da ya rage musu fifikon maki, shi ne kuma ya nuna suna ƙara yiwuwar yaro ya kammala sakandare, da alama har ya wuce gaba. A Jamhuriyar Benin, Leonard Wantchekon da abokansa sun bi sawun ɗaliban farko na makarantun zamanin mulkin mallaka, ciki har da na mishan ɗin Katolika, a binciken da suka wallafa a 2015, suka ga amfanin karatun ya kai har ga zuriyarsu. Sai dai a lura da inda alherin ya bayyana: a riƙe yaro kar ya zube, da abin da ya zama bayan shekaru masu yawa. Waɗannan su ne daidai abubuwan da kyallen katanga ba ya iya nunawa. Wani kuma zai ce uba yana da yaro ɗaya ne a gabansa da kuɗin zango a hannu, dole ya kama wani abu, kuma zama cikin yara masu ƙoƙari ma riba ce. Wannan hujja ce mai nauyi, ban kuma ga laifin uban da ya yi la'akari da ita ba. Amma ya san abin da yake saye: abokan zama ne, kuma in ɗansa mai rauni ne, makarantar da ta fi kowa kashi-cikin-ɗari ita ce ta fi yiwuwa ta dawo masa da shi a aji uku.

Akwai illar da ta fi damun ita cocin kanta. Duk ma'aunin da aka mayar da shi abin gasa, mutane kan koma yi wa ma'aunin aiki su bar abin da aka so aunawa. Takardar da Majalisar Vatican ta Biyu ta fitar kan ilimi a 1965 ta ɗora wa makarantun Katolika kula ta musamman da matalauta, da marasa gata na iyali, da waɗanda ba mabiya addinin ba. Dayosis ɗin Yola ta nuna ta fahimci wannan a aikace: lokacin da Boko Haram ta kama Madagali da Michika da Mubi a 2014, harabar Majami'ar St. Theresa da ke Jimeta ta cika da dubban 'yan gudun hijira, a 2021 kuma aka buɗe musu rukunin gidaje 86 a Sangere-Marghi, da makaranta da coci da masallaci. Yaran da suka baro waɗancan garuruwa sun rasa zango bayan zango na karatu. Shugabar makarantar da ta buɗe wa irinsu ƙofa ta san sarai cewa matsakaicin makinta zai sauka. In har gasar gurabe ce za ta yanke wa makarantu daraja, to tana hukunta wadda ta fi bin koyarwar cocin, tana saka wa wadda ta rufe ƙofa.

Kwatanci mai ma'ana yana yiwuwa, kuma ba sai an jira Abuja ba. Ingila ta koma auna sakandarenta a 2016 da ci gaban da yaro ya samu daga inda ya shigo zuwa inda ya fita. Za a ce wannan aikin ƙasashe masu tarin bayanai ne, amma kayan aikin suna nan a ofishin kowane shugaban makaranta a Jimeta: rajistar shiga aji ɗaya, makin jarrabawar shiga, sakamakon jarrabawar aji uku, da takardar WAEC ko NECO. Ofishin ilimi na dayosis, wanda makarantu da dama ke ƙarƙashinsa, zai iya neman kowacce ta kawo lissafin zubi guda daga farko zuwa ƙarshe: nawa suka shiga, nawa suka fita a hanya da dalilin fitarsu, nawa aka yi wa rajista, nawa suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a zama ɗaya, da inda kowa ya nufa cikin shekara biyu, ko jami'a ko kwaleji ko sana'a. A haɗa na shekara uku a jere, domin a ajin da bai wuce yara 40 ba, haziƙai biyu sun isa su ɗaga makaranta sama bana, rashinsu ya sauko da ita baɗi.