Masu Sauraren Sa-kai na Birtaniya

Masu sauraren sa-kai ma'abota rediyon gida ne da Birtaniya ta ɗauka aiki a asirce lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da yaƙi ya ɓarke a 1939, gwamnati ta karɓe na'urorinsu na aika saƙo. Sai hukumar Radio Security Service ta nemi kunnuwansu, aka samu kimanin mutum 1,500. Kowa na ɗakinsa, galibi da dare bayan tashi daga aiki, yana rubuta raunanan saƙonnin Morse, ya aika zuwa akwatin gidan waya mai lamba 25 a Barnet. Haƙurinsu ya taimaka wajen gano hanyoyin sadarwar Abwehr, hukumar leƙen asirin sojan Jamus, aka miƙa saƙonnin ga masu warware sirri a Bletchley Park.