Godzilla, Bam ɗin Sahara da Hazon Hunturun 1960

Yau hirar tamu ta fim ce, amma ku gyara zama, don za ta biyo da mu har ƙofar gida.

Da yawanmu mun san Godzilla. Wani a waya ya kalle shi, wani a gidan kallo na unguwa, wani kuma wajen masu tura finafinai ya karɓo. Ƙaton ƙadangare ya fito daga teku, ya tattake gari, ya yi aman wuta, ya koma. Tambayata ita ce: me ya sa fim ɗin da aka fara a 1954, ba kala, ba kwamfuta, har yau ake ci gaba da yi masa sababbi? A 2024 ma wani sabonsa na ƙasar Japan, Godzilla Minus One, ya ci kyautar Oscar ta fasahar haɗa hoto. Dodon da ya haura shekara 70 bai tsufa ba, ai akwai dalili.

Bari mu koma baya. A watan Agusta 1945 Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki. Daga nan ta mamaye Japan har zuwa 1952, kuma a tsawon lokacin an taƙaita abin da jarida ko fim za su faɗa kan bam ɗin. Mutane na ɗauke da ciwo, ba halin kuka da ƙarfi.

Sai ranar 1 ga Maris 1954, Amurka ta gwada wani bam a tsibiran Bikini, cikin tekun Fasifik. Ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima kusan sau 1,000, ya ma wuce lissafin waɗanda suka ƙera shi. Akwai wani jirgin kamun kifi na Japan, Daigo Fukuryu Maru, da mutum 23 a ciki, suna can nesa suna neman abincinsu. Sai wata farar toka ta riƙa zubo musu kamar gari. Ba su san mece ce ba. Kafin su iso gida fata ta fara ƙonewa, gashi na zubewa. A watan Satumba mai kula da rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya rasu. Kasuwannin kifi suka rikice, aka riƙa binne kifi da zubar da shi. Ku yi tunanin a ce yau an wayi gari an ce masarar da ke Kasuwar Kawo duk akwai guba a cikinta, kuma ido ba ya ganin gubar.

Ranar 3 ga Nuwamba na wannan shekarar, kamfanin Toho ya saki Gojira, wanda duniya ta sani da Godzilla. Ishiro Honda ne ya ba da umarni. Kun san da me fim ɗin ya buɗe? Da jirgin ruwa a teku, wani haske ya walƙa, jirgin ya kama da wuta. Duk ɗan Japan da ke zaune a silima ya san inda aka dosa, ba sai an yi masa fassara ba.

To nan sirrin farko yake. Gubar nukiliya ba ta da kama, ba ta da wari, ba ta sallama. Tsoron abin da ba ka gani shi ne mafi cin rai. Sai masu fim suka yi masa jiki: tsawon mita 50, fata kamar tabon ƙuna, tafiya a hankali wadda ba tanka ko jirgin yaƙi da ke tsayar da ita. Abin da ake raɗe-raɗinsa a ɗaki ya fito fili, kowa ya nuna shi da yatsa.

Na biyu, dodon nan yana ba ka tausayi. Yana kwance a ƙarƙashin teku bai taɓa kowa ba, gwajin bam ne ya tayar da shi. Wanda ya tsokano tsuliyar dodo ɗan Adam ne. Akwai kuma wani masanin kimiyya a fim ɗin, Serizawa, wanda ya gano makamin da zai kashe Godzilla, amma yana tsoron kada makamin ya faɗa hannun masu mulki. Da ya amince aka yi amfani da shi, sai ya ƙona takardunsa, ya zaɓi ya mutu tare da dodon a ƙarƙashin ruwa don kada a tatsi ilimin daga bakinsa. Wallahi wannan ya fi ƙarfin fim ɗin yara.

Na uku, aikin hannu ne. Mutum ne, Haruo Nakajima, a cikin rigar roba mai nauyin kusan kilo 100, yana taka ƙananan gidaje da Eiji Tsuburaya da yaransa suka ƙera ɗaya bayan ɗaya. Kukan dodon kuwa, safar hannu ta fata aka shafa wa ƙaro, aka goga ta a tsirkiyar wani babban gogen Turawa. Rashin kayan aiki bai hana su ba, 'yan Kannywood ku ji da kyau.

Amurka ma ta yi nata. A 1953 akwai The Beast from 20,000 Fathoms, inda gwajin bam ya farkar da wata dabbar zamanin da. A 1954 akwai Them!, tururuwa da suka zama manya kamar mota a hamadar New Mexico, wurin da aka yi gwajin farko a 1945. Amma ku lura da bambancin. A finafinan Amurka, soja ne ke gama da dodo, kowa ya koma gida. Da aka kai Godzilla Amurka a 1956, sai aka yanke wasu wuraren da suka fi ɗaci, aka saka ɗan wasansu Raymond Burr. Wanda ya jefa da wanda aka jefa wa ba sa ba da labari iri ɗaya.

Yanzu wani zai ce, to mu ina ruwanmu? Japan ina, Kaduna ina? Saurara.

Ranar 13 ga Fabrairu 1960, tsakiyar hunturu, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko kusa da Reggane, cikin Saharar Aljeriya, kusan kilomita 2,000 daga nan. Ƙarfinsa ya kai na Hiroshima kamar sau 4. Suka raɗa masa suna Gerboise Bleue, wato sunan wani ɗan ɓeran hamada mai tsalle. Ƙaramin suna, babbar masifa. Mu kuwa mun san daga ina hazon hunturu ke zuwa. Ƙurar da ke faso mana leɓe, take hana jirgi sauka, daga Sahara take. Shi ya sa tun kafin gwajin aka yi ta zanga-zanga da koke a Afirka ta Yamma, mutane na tambayar abin da iska za ta kwaso musu. A Ghana, Kwame Nkrumah ya riƙe kadarorin Faransa. Mu a lokacin ba mu ma karɓi 'yanci ba.

Faransa ba ta ji ba. Ta sake a watan Afrilu, ta kuma sake ranar 27 ga Disamba 1960. A farkon Janairu 1961, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta ba jakadan Faransa, Raymond Offroy, awa 48 ya bar Legas, ta hana jiragen Faransa na sama da na ruwa shigowa. Ƙasa mai wata 3 da samun 'yanci fa! Duk da haka gwaje-gwajen sun ci gaba har 1966, guda 17 a Aljeriya. A 2014 jaridar Le Parisien ta buga wata taswirar sojojin Faransa da aka daɗe ana ɓoyewa, wadda ta nuna burbushin gwajin farko ya ratsa ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har ya taɓa kudancin Turai. Ashe tsoron kakanninmu ba na jahilci ba ne.

Akwai kuma ɗaya gefen. Yawancin yuraniyom ɗin da aka yi bama-baman farko na Amurka da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kongo ya fito. A Nijar kuma, tun 1971 ake haƙo shi a Arlit, arewa da Agadas, garin da ake cinikin kasuwa da Hausa. Da aka rufe mahaƙar Cominak a 2021, tarin sharar miliyoyin tan ya rage a wurin. Kayan haɗin dodon daga ƙasarmu ake ɗauka.

Ba ina cewa ilimin nukiliya shi ne dodo ba. Nan Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello na da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, ana nazarin ƙasa da ma'adanai da ita. Matsalar ita ce wa ke yanke hukunci, kuma wa ke shaƙar ƙurar.

Abin da ke damuna shi ne wannan. Mu ba baƙin dodo ba ne. A tatsuniya Dodo na fitowa daga ruwa ya haɗiye mutane. A Daura macijin rijiyar Kusugu ya hana jama'a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo. Garinmu kansa sunan kadoji yake ɗauke da shi. Muna da dodon, muna da tarihin, amma ba mu haɗa su ba. Japan ta zuba tsoronta a fim, shi ya sa yaro a Unguwar Rimi ya san Godzilla. Shi wannan yaron bai taɓa jin Reggane ba. Abin da ba a mayar labari ba, iska ce ke tafiya da shi.

Don haka ga aiki. Ku nemi Gojira na asali, na 1954, ba wanda aka yi wa aski ba. Masu kaka ko kakan da suka yi wayo a 1960, ku tambaye su me aka riƙa faɗa kan bam ɗin Faransa. Ɗalibai, Arewa House na nan a titin Rabah da tsofaffin takardu, ku je ku tona. Marubuta da masu fim kuma, idan hazo ya rufe gari a hunturun bana, ku dube shi da kyau, ku tambayi kanku wace irin halitta ce za ta iya fitowa daga cikinsa.

Mu kwana nan. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.