Ƙa'idojin bai wa majinyaci magani: abin da ya rataya a wuyan ma'aikatan jinya

Likita ne ke rubuta magani, masanin harhaɗa magunguna kuma ya fitar da shi, amma ma'aikacin jinya ne ke miƙa shi ga majinyaci. Saboda haka duk kuskuren da ya kuɓuce wa na farko da na biyu, a hannunsa ne ake da damar ƙarshe ta tare shi.

A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin rage mummunar illar kuskuren magani da rabi cikin shekara 5. Ta ƙiyasta cewa irin wannan kuskure yana laƙume dala biliyan 42 duk shekara a faɗin duniya.

Tantancewa biyar

Kafin ba da magani, ana tabbatar da abubuwa biyar: majinyacin, maganin, adadin, hanyar shigarsa jiki, da lokacin shansa.

A cibiyoyin lafiya na Legas, kamar Babban Asibitin Isolo da asibitocin Agege, ana karɓar majinyata masu harsuna daban-daban, ciki har da Hausawa. Ana iya samun A'isha biyu ko Muhammadu uku a ɗaki guda, don haka suna kaɗai bai wadatar ba. Sai an haɗa da lambar kati ko ranar haihuwa. Idan majinyaci ba ya jin Turanci ko Yarbanci, a nemi tafinta, a tambaye shi ko akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa, da ko yana shan na gargajiya.

Adadi da adanawa

Maganin yara da nauyinsu ake auna shi. Allurar atesunet ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani miligiram 2.4 ce ga kowane kilo, amma miligiram 3 ga yaron da bai kai kilo 20 ba. Magunguna masu haɗari, irin su insulin, ana so ma'aikaci na biyu ya sake duba su. Allurar oksitosin, da ake yi wa mai haihuwa don tsayar da zubar jini, firiji take buƙata, domin zafi yana rage ƙarfinta. Rubutun likita kuwa idan bai karantu ba, a koma masa. Ba a yin kirdado. Bayan an ba da magani, a rubuta nan take.

Ingancin magani da kai rahoto

A Isolo ne ofishin Legas na Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna, wato NAFDAC, yake. An kafa ta a 1993, bayan gurɓataccen ruwan farasitamol ya kashe yara fiye da 100 a Jos da Ibadan a 1990. Daga ƙarshen 2008 kuma maganin haƙoran yara na My Pikin ya hallaka aƙalla yara 84. Wannan ya sa duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi ya zama wajibi.

Idan magani ya yi wa majinyaci illa, a sanar da likita cikin gaggawa, sannan a kai rahoto ga hukumar ta takardar rahoto mai launin ɗorawa ko manhajar Med Safety. Kuskuren da aka ɓoye, gobe wani majinyaci zai faɗa masa.