Yadda Aka Gano Hazon da Ke Saman Daminar Asiya

Har yau masana yanayi na gardama kan hazon da ke taruwa can ƙololuwar sama bisa Indiya da Tibet duk damina: ƙara ruwa yake yi ko rage shi?

Tun 1686 Edmond Halley ya ce zafin ƙasa ne ke janyo iskar damina daga teku. A 1957 Bajamushe Hermann Flohn ya nuna cewa tudun Tibet na ɗumama iskar da ke bisansa, wanda ke taimakawa wajen kafa wata babbar da'irar iska mai matsi, mai juyawa kamar hannun agogo daga Iran har zuwa Sin. Ba wanda ya san me take ɗauke da shi.

Sai a 2011 Jean-Paul Vernier da abokan aikinsa, da bayanan tauraron ɗan'adam CALIPSO, suka ga wani siririn hazo tsakanin kilomita 13 zuwa 18, yana bayyana da damina, yana ɓacewa da ɗaukewarta. Hadari ke cilla ƙazantar ƙasa sama, da'irar kuma ta killace ta kamar shanu a garke. A Yunin shekarar dutsen Nabro na Eritriya ya yi aman wuta, hayaƙinsa ya faɗa da'irar, masana suka shiga musu kan ko damina ce ta haura da shi. Amma hazon ya riga Nabro. A 2017 jirgin Rasha Geophysica ya tashi daga Katmandu ya ratsa shi, aka tarar da gishirin amoniya, wanda tushensa takin zamani ne da kashin dabbobi. Manomin kwarin Ganga, bai sani ba, aikinsa ya kai inda jiragen fasinja ba sa kaiwa.

Kan tasirin hazo ga ruwan damina kuwa, ra'ayi biyu ne. A 2006 William Lau ya ce ƙura da baƙin hayaƙi na shan zafin rana a gefen Himalaya, su ƙarfafa da'irar, ruwa ya sauka da wuri. Veerabhadran Ramanathan kuwa ya ce hazo na tare rana, ƙasa da teku su huce, damina ta raunana. Na fi karkata ga na biyu. Bayanin Lau ya fi ƙarfi a Mayu da Yuni, kafin ruwa ya wanke ƙurar. Gishirin da aka samu can sama kuwa mayar da hasken rana yake yi, ba shanye shi ba. Abin da ya dame ni shi ne sama da mutum biliyan ɗaya ne abincinsu ya rataya a kan wannan ruwan.