Fagen Kokawa da Labarin Bankaɗo Sirri: Nazarin Finafinan Wasanni Masu Bincike da Damar da Ke Dakoro

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci finafinai uku da suka haɗa wasan motsa jiki da binciken laifi, ta fitar da ginshiƙan da suke tsaye a kai, sannan ta auna su da kokawar gargajiya a gundumar Dakoro ta jihar Maradi a Nijar. Sakamakon ya nuna cewa fagen kokawa na da duk abin da irin wannan labari ke buƙata, amma dole mai binciken da hanyar kafa hujja su fito daga al'adar yankin.

Muhimman kalmomi: fim, kokawa, bincike, takobi, Dakoro.

1. Gabatarwa

Tun fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, finafinan Hausa sun fi karkata ga soyayya, rikicin gida da barkwanci. Kokawa kuwa, wadda ita ce sarauniyar wasanni a Nijar, ba a cika ganin ta a matsayin jigon labari ba. Wannan giɓi ne babba, domin tun 1975 da aka fara gasar takobin ƙasa a Tahoua, inda Yakuba Kantu na Maradi ya yi nasara, babu wasan da ke tara hankalin 'yan ƙasa kamar ta.

2. Hanyar Bincike

An bi hanyar kwatanta zubi da tsarin labari. An duba abubuwa uku a kowane fim: wurin da laifi ya auku, wanda ya yi bincike, da irin hujjar da ta warware ƙulli.

3. Ginshiƙan Salon

A The Arsenal Stadium Mystery (1939) na Thorold Dickinson, ɗan ƙwallo ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa a filin Highbury na Landan, daga baya aka gano guba ce. Darasin a nan shi ne yawan ido ba ya hana ɓoyo: dubban mutane sun ga faɗuwar, babu wanda ya ga sanadin.

A Snake Eyes (1998) na Brian De Palma, an harbe sakataren tsaron Amurka ana dambe a Atlantic City. Bakin zaren shi ne faɗuwar ƙarya da zakaran ya yi. Wato wasan da kansa ya zama shaida, kuma sai wanda ya san dambe zai iya bambance bugun gaskiya da na shiri.

A El secreto de sus ojos (2009) na Juan José Campanella daga Ajantina, masu bincike sun gano inda mai kisa zai ɓullo ta hanyar sunayen 'yan wasan ƙungiyar Racing da ya riƙa ambata a wasiƙunsa. Son wasa ne ya tona shi.

Ginshiƙai uku ke nan: taron da ke gani bai sani ba, ilimin wasa a matsayin hujja, da shauƙin da ke tona mai laifi.

4. Auna Su da Dakoro

Dakoro na arewacin jihar Maradi, inda noma ke haɗuwa da kiwo a yankin kwarin Tarka, kuma Hausawa, Fulani da Buzaye ke cin kasuwa ɗaya. Kokawa a irin wannan ƙasa wasan kaka ce. Bayan an kai amfanin gona rumbu samari ke gwada ƙarfi a dandali. Daga ƙauye ake hawa zuwa gunduma, sannan jiha, inda ake tace mutum goma da za su kara da takwarorinsu na sauran jihohi bakwai.

Wannan tsani cike yake da abin ɓoyo. Ɗan kokawa na shiga fage da layu da guraye, ana yi masa tofi, kuma 'yan kallo kan danganta kaye da abin da aka shirya a bayan fage. Ga gardama kan hukuncin alƙalin wasa, ga kuɗi da kyaututtukan da ke bin takobi. Ko nasarar Isaka Isaka na Dosso, wanda ya ɗauki takobin karo na shida a Agadez a ƙarshen 2023, ta isa misalin yadda ɗaukakar mutum ɗaya ke zama abin tattaunawar ƙasa baki ɗaya. Ginshiƙi na farko da na uku sun samu ke nan.

Inda ake samun bambanci shi ne mai binciken. Fim ɗin Turai na dogara ga ɗan sanda guda da gwajin likita. A karkarar Dakoro kuwa, gaskiya kan fito ta bakin shaidu, ta rantsuwa, da zaman sulhu gaban mai gari ko sarki, kafin magana ta kai ga jandarma. Akwai kuma ƙwarewar bin sawu, wadda makiyaya ke gano dabbar da aka sace da ita. Haka nan makaɗin 'yan kokawa, irin su Sagalo, ya san asalin kowane gwani da wanda ya taɓa kayar da shi. Tsohon ɗan kokawa, mai bin sawu da makaɗi su ne masu riƙe da ginshiƙi na biyu, kuma su suka cancanci jan ragamar binciken.

Cikas ɗaya sai an kiyaye shi: idan marubuci ya bar tsafi ya warware ƙulli, bincike ya mutu. Daidai ne layu su zama abin da jama'a ke zargi, amma amsar ta fito daga hujjar da ɗan kallo zai iya bi da hankalinsa.

5. Kammalawa

Sanagal ta nuna cewa fage na ɗaukar fim, da fim ɗin kokawa L'Appel des arènes na Cheikh Ndiaye, wanda aka ciro daga littafin Aminata Sow Fall na 1982. Nijar ma ba baƙuwa ba ce a sana'ar fim, tunda Oumarou Ganda ne ya fara cin babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a 1972. Maƙalar na ba da shawarar a tattara tarihin bakin tsofaffin 'yan kokawa da makaɗan Dakoro tun suna raye, a kuma haɗa marubutan fim da su, domin daga iliminsu ne za a gina labarin bincike da mutanen yankin za su yarda da shi.