Ƙaramin Rance a Sabon Birni da Isa: Nauyinsa a Zuciya da Zumunci

Ƙaramin rance shi ne ɗan kuɗin da ake ranta wa mai ƙaramin ƙarfi, galibi ba tare da jinginar gida ko fili ba, domin ya ja jari ko ya toshe wata kafa, sannan ya riƙa biya kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni. Tsarinsa na zamani ana danganta shi da Farfesa Muhammad Yunus na ƙasar Bangladesh, wanda a 1976 ya ranta wa mutum 42 na ƙauyen Jobra kuɗin da jimillarsu ba ta wuce Dala 27 ba. Daga wannan ne aka kafa Bankin Grameen a 1983, kuma shi da bankin suka raba kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2006. A Nijeriya, Babban Banki ya fitar da manufar ƙananan bankunan rance a Disambar 2005, wadda ta buɗe wa tsofaffin bankunan al'umma hanyar rikiɗewa zuwa irin waɗannan bankuna.

Tun da babu jingina, dole wani abu ya tsaya a madadinta. Abin da ke tsayawa kuwa shi ne mutuncin mai karɓa da idon jama'ar da yake zaune cikinsu. A nan ne mafi yawan tasirin rancen a kan tunani da zamantakewa ya samo tushe.

Yankin da masu ba da rance a cikinsa

Sabon Birni da Isa ƙananan hukumomi ne a gabashin Jihar Sakkwato, a tsohuwar ƙasar Gobir, daura da Jihar Zamfara da kuma Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Arzikin jama'a ya rataya ne a kan gero da dawa da wake na damina, da noman rani a fadamun Gulbin Rima da rassansa, da kiwo, da fataucin ƙetare iyaka. A rahoton talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022, Sakkwato ce ta zo kan gaba, da kashi 91 cikin 100 na mutanenta.

Talakan wannan yanki ba kasafai yake fara tunkarar banki ba. Ɗan'uwa ne farko, sai aboki, sai mai shago da ke rubuta bashi a littafi, sai uwar adashi. Akwai kuma falle, inda manomi ke karɓar kuɗi ko hatsi daga ɗan kasuwa a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, a kan zai biya da amfanin gona da kaka, lokacin da farashi ya karye. Idan abin ya yi tsanani, sai a kai ga jinginar gona. A kan waɗannan ne shirye-shiryen gwamnati suka zo suka hau: shirin Anchor Borrowers na manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwambar 2015, da TraderMoni na 2018 mai ba ƙananan 'yan kasuwa Naira 10,000, da rancen annobar korona na 2020 ta hannun bankin ƙananan rance na NIRSAL. Na baya-bayan nan su ne manhajojin rance na wayar salula, waɗanda suka fi kama ma'aikata da matasan gari.

Abin da bincike ya nuna

Alƙawarin da aka tallata ƙaramin rance da shi shi ne fitar da talaka daga talauci. A 2015 masana tattalin arziki Abhijit Banerjee da Dean Karlan da Jonathan Zinman suka tattara sakamakon gwaje-gwaje shida da aka yi a Indiya, Habasha, Maroko, Meziko, Mongoliya da Bosniya. Abin da suka gano shi ne rancen yana ɗan faɗaɗa sana'a, yana ba mutum zaɓi a kan yadda zai juya kuɗinsa, amma bai ɗaga kuɗin shigar yawancin gidaje yadda za a ce rayuwarsu ta sauya ba. Wanda ya riga yana da sana'a a hannu shi ya fi cin moriya.

A ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, sakamakon ya zo da fuska biyu. Wani gwaji da aka yi a Afirka ta Kudu, aka wallafa a 2008, ya nuna cewa waɗanda aka ba rance sun fi jin matsin tunani fiye da takwarorinsu da aka hana, ko da yake alamun ciwon damuwa sun ragu a tsakanin mazansu. Wato rancen yana cire ƙaya ɗaya, ya soka wata: fargabar rashin abin sawa a tukunya yau ta tafi, fargabar ranar biya ta zo.

Wani nazarin da aka wallafa a mujallar Science a 2013 ya ƙara haske. An gwada manoman rake 464 a Jihar Tamil Nadu ta Indiya sau biyu, kafin girbi lokacin da suke cikin bashi da jingina, da kuma bayan an biya su kuɗin rakensu. Mutanen nan dai su ne, amma sun fi kaifin tunani a gwajin bayan girbi. Bayanin masu binciken shi ne lissafin rashi yana cinye wani kaso na hankali, ya bar kaɗan ga sauran al'amura. Duk wanda ya san magidancin Gobir a watan Agusta, gero bai nuna ba, mai falle yana jiran kaka, yara suna jiran tuwo, ba zai yi mamakin wannan sakamako ba. Rashin barci, saurin fushi da iyali, mantuwa, da yanke shawarar da daga baya ake cizon yatsa a kanta, kamar cin sabon bashi domin biyan tsoho, duk daga wannan rijiya suke fitowa.

Kunya a matsayin jingina

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Karin maganar tana rarrashin mai bashi, amma tana kuma nuna inda ake so bashi ya zauna: a ciki, inda ido ba ya gani. Cin bashi ba abin kunya ba ne. Tonuwarsa ce abin kunya. Magidancin da aka yi wa sallama a ƙofar gida da sassafe, maƙwabta suna ji, ya yi asarar da ta fi kuɗin da ake binsa, domin gobe mai shago zai yi nauyin hannu, kuma maganarsa a zaure ko a wajen neman auren ɗansa za ta rage nauyi. Shi ya sa mai bashi kan sauya hanyar zuwa kasuwa, ya daina zama majalisa, wani ma ya sauya masallaci. Keɓewar nan ita ce kan zame mashigar ciwon damuwa, kuma tana yanke shi daga mutanen da za su iya tallafa masa.

Addini ya ƙara wa lamarin nauyi. A wajen jana'iza akan yi shela cewa duk mai bin mamaci bashi ya nemi magada, kuma ba a raba gado sai an biya. Dattijon da ya san haka yana kwana da tsoron mutuwa da haƙƙin wani a wuyansa. Idan rancen mai kuɗin ruwa ne, sai a ƙara da nauyin shiga riba, abin da ke sa wasu su karɓa a ɓoye, ko matansu ba su sani ba.

Masu ba da rance na zamani sun fahimci ƙarfin kunya, sun kuma mayar da ita kayan aiki. A tsarin rancen ƙungiya, mutum biyar ko goma ne ke tsaya wa juna. Idan ɗaya ta gaza, sauran su biya ko a hana su sabon rance. Da haka aikin karɓar bashi ya tashi daga kan ma'aikacin banki ya koma kan maƙwabciya. Masaniyar halayyar al'umma Lamia Karim, a littafinta na 2011 a kan matan karkarar Bangladesh, ta bayyana yadda ake amfani da tsoron zubewar mutuncin gida wajen tilasta biya. A Jihar Andhra Pradesh ta Indiya kuwa, rahotannin masu bashi da suka kashe kansu ne suka sa gwamnatin jihar kafa dokar gaggawa a Oktobar 2010. Manhajojin waya a Nijeriya sun ɗauki wannan dabara a mafi munin siffarta, suna aika saƙon ɓatanci ga dukkan lambobin da ke wayar mai bashi, har Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a Maris 2022.

Mata da bashin da ba su ci ba

Ana fifita mata a rance domin sun fi biya. A gidajen Gobir, kamar sauran ƙasar Hausa, mace na juya ƙaramin jari daga cikin gida: ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, fura, daddawa, kiwon akuya ko tunkiya. Rancen da ya shiga irin wannan sana'a yana ba ta abin hannunta, ya ɗaga ƙimarta a wajen biki da suna, inda ake auna mace da abin da ta iya mayarwa. Sai dai wani bincike na 1996 a Bangladesh, na Anne Marie Goetz da Rina Sen Gupta, ya gano cewa a mafi yawan rancen da aka ba mata, maza ne ke juya kuɗin ko wani kaso nasa, alhali biya yana wuyan macen. Inda haka ta faru, ita za ta sayar da akuya ko kwanonin ɗakinta, ita za ta fuskanci 'yan ƙungiya. Akwai kuma ɓoyayyen mai biya: yarinyar da ake ƙara wa sa'o'in talla domin kuɗin mako ya cika.

Rance a ƙarƙashin bindiga

Duk lissafin ƙaramin rance an gina shi a kan zaton cewa gona za ta nomu, kasuwa za ta ci, hanya za ta biyu. A Sabon Birni da Isa wannan zato ya rushe. A ƙarshen Mayun 2020 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, ciki har da Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari. Dubban mutane sun tsallaka zuwa Jihar Maraɗi. A Satumbar 2021 gwamnati ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka kuma katse layukan waya, matakan da aka ɗauka domin tsaro amma suka tsayar da cinikin masu bashi ba tare da sun tsayar da ranar biya ba. Iyakar Nijar ma an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023.

Mafi muni shi ne sauyin dalilin cin bashin kansa. Kuɗin fansa da harajin da 'yan bindiga irin su Bello Turji ke ɗora wa ƙauyuka ba jari ba ne; ba sa haifar da ko kwabo da za a biya da shi. Iyalin da suka karɓo ɗan'uwansu daga daji sukan wayi gari ba shanu, gona tana jingine, ga bashin dangi da na maƙwabta. Wanda aka fanso yana fama da abin da ya gani a daji, yana kuma kallon gidan da ya talauce saboda shi. Su ma masu ba da rancen na gargajiya abin ya shafe su, domin masifar da ta faɗa wa gari gaba ɗaya ba ta barin mai sauran ƙarfin da zai ɗaga wa wani ƙafa.

Sharaɗin biya

Tsakanin 1988 da 1989 masanin tattalin arziki Christopher Udry ya bi diddigin bashi a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya. Ya tarar kusan duk rancen tsakanin 'yan'uwa ne da mutanen gari ɗaya, ba takarda, ba jingina, kuma abin da ake biya yana bin halin da aka shiga: idan ambaliya ko ciwo ya sami mai bashi, sai ya biya ƙasa da haka ko a jinkirta masa, idan mai bin bashin ne masifa ta samu, sai a biya shi da ƙari. Wannan ya yi daidai da umarnin aya ta 280 a Suratul Baƙara na saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Gwaji a birnin Kolkata na Indiya, wanda aka wallafa a 2012, ya zo da makamancin haka daga wata fuskar: masu biya wata-wata sun fi masu biya mako-mako kwanciyar hankali nesa ba kusa ba, kuma ba a ga ƙaruwar masu ƙin biya ba a lokacin gwajin. Alamu sun fi nuna cewa tsaurin ranar biya da salon karɓa ne ke cin mutum, fiye da yawan kuɗin.

Tsarin banki a Nijeriya ya karkata ne zuwa ɗaya ɓangaren. Tun daga 1 ga Agustan 2020, ƙa'idar Babban Banki ta ba mai ba da rance damar cire kuɗinsa daga duk wani asusun mai bashi da ke ɗauke da lambar BVN ɗinsa, ko a wane banki yake. An yi nufin ƙa'idar ta yi maganin masu ƙin biyan bashi, amma na'ura ba ta bambance mai taurin bashi da ɗan gudun hijirar da aka turo wa kuɗin abinci.

A tsallaken iyaka akwai wani samfurin. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a Jihar Maraɗi, inda mata ke tara kuɗinsu mako-mako a akwati, su ranta wa juna, su ware wani asusu daban domin rashin lafiya ko rasuwa, su raba abin da ya taru a ƙarshen zango. Kuɗin nasu ne, su ke yanka wa'adi, su ke ɗage shi. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, har da arewacin Nijeriya. Ga wanda bashi ya riga ya durƙusar kuwa, aya ta 60 a Suratut Tauba ta sanya shi cikin rukunai takwas da suka cancanci zakka, kuma biyan bashin marasa hali, musamman waɗanda ke tsare saboda shi, yana cikin ayyukan da Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato take gudanarwa.