Hannun feda: tarihin wani ƙarfe da ba a auna da ƙafarmu ba

Ranar da na tura keken Baba zuwa wurin mai gyara a unguwarmu a Maradi, na san abin da nike so a canza amma kalmar ta ɓace mini. Ba fedar da ake takawa ba, a'a, ƙarfen nan da ya taso daga cibiyar keke ya riƙe ta. Bafaranshe na ce masa manivelle. Na nuna da yatsa, mai gyaran ya ce, "Ai duka feda ne, ɗan'uwa." Da gaskiyarsa. Mun aro keke daga Yarabanci, mun aro feda daga Turanci, wannan kuwa muka bar shi ba suna. A nan zan kira shi hannun feda.

Abin da ya kai ni shi ne ƙanwata. Gajeriya ce, kuma da wannan keken take zuwa kolej kullum. Mun saukar da sirdi har ƙarshe, amma idan ka bi bayanta za ka ga ƙugunta yana rangaji hagu da dama, ga gwiwa tana neman taɓa kan keke. Da dare sai kukan ciwon gwiwa. Na ari awon tela na auna ƙarfen daga tsakiyar cibiya zuwa tsakiyar ramin feda: kusan santimita 18. Wa ya yanke wannan tsawon, kuma ƙafar wa ya auna? Tambayar da ta jefa ni cikin tarihi ke nan.

Keken farko ba shi da feda sam. Wanda Karl von Drais ya ƙera a Jamus a 1817, mutum ya hau katako ne yana tura ƙasa da ƙafa. Sai a shekarun 1860 a Paris aka liƙa hannu da feda a cibiyar tayar gaba. Har yau ana gardama ko Pierre Michaux ne ya fara ko Pierre Lallement, wanda ya samu takardar mallakar ƙira a Amurka a 1866. Ni abin da ya ɗauki hankalina daban ne. Yawancin hannayen fedar wancan zamani suna da tsaga doguwa, ta yadda mahayi zai kwance feda ya matso da ita ciki ko ya tura ta waje. Wato tun daga farkon fari, tsawon nan abu ne da mai keke yake daidaitawa da kansa.

Dalili kuwa a fili yake. Babu sarƙa, babu giya: taku ɗaya, juyin taya ɗaya. Mai son gudu sai ya ƙara girman taya, shi ya sa a shekarun 1870 aka samu kekunan nan masu ƙatuwar tayar gaba, wasu har mita ɗaya da rabi. To, mahayi yana zaune a saman taya, dole ƙafarsa ta kai feda a can ƙasa. Duk abin da aka rage a hannun feda ana iya ƙara shi a taya. Don haka hannayen wancan lokaci gajeru ne, wajen inci 5, kuma tsawon ƙafar mutum ne ke faɗa masa keken da zai saya, kamar takalmi.

A 1885 John Kemp Starley ya fito da Rover a garin Coventry na Ingila: tayoyi biyu masu kusan girma ɗaya, sarƙa na jan ta baya. Wannan shi ne kakan keken Baba. Daga nan gudu ya koma hannun haƙoran sarƙa, tsagar nan ta ɓace sannu a hankali, masana'antu suka zauna kan tsawo kaɗan. Ingilishi suka riƙe inci 6 da rabi da inci 7, wato milimita 165 da kusan 178. Masu awo da mita suka tsaya a 170. Yau ma abin da ya fi cika shaguna shi ne 165, 170, 172,5 da 175. Ku dubi lissafin: tsakanin mafi gajarta da mafi tsawo kashi 6 cikin ɗari ne kacal, alhali tsakanin mai mita 1,50 da mai mita 1,95 kashi 30 ne. A ganina wannan lamba ba daga jikin mutum ta fito ba, daga sauƙin ƙira ta fito, sai sabo ya maida ta kamar doka.

Masu tsere sun daɗe da imanin cewa dogon hannu shi ne ƙarfi. Miguel Indurain, dogon ɗan Sifen ɗin nan da ya ci Tour de France sau biyar a jere daga 1991 zuwa 1995, da milimita 180 aka san shi. Hujjar tana da kan gado, don duk wanda ya taɓa kwance tsatsattsen noti ya san doguwar sifana ta fi. Sai dai ƙafa ba sau ɗaya take turawa ba, da'ira take yi. Da hannu mai 170, kowane zagaye ƙafa na tafiyar fiye da mita ɗaya. Ka ƙara tsawo, turawa ta yi sauƙi amma hanya ta yi nisa, juyi ya ragu. Ka rage, sai akasin haka.

A 2001 Jim Martin da Waneen Spirduso suka gwada a ɗakin bincike a Amurka. Sun ba ƙwararrun mahaya hannaye biyar: 120, 145, 170, 195 da 220. Bambancin ƙarfi mafi girma da suka iya fitarwa bai wuce kusan kashi 4 cikin ɗari ba tsakanin mafi kyau da mafi muni, kuma 145 da 170 suna daga sama. Milimita ɗari na tazara, riba kaɗan. Ashe gardamar milimita biyu da rabi da aka sha yi duk ta banza ce, in dai ƙarfi ake magana.

Inda tsawon ke aiki shi ne gaɓoɓi. Ka rage milimita 5 ka ɗaga sirdi milimita 5, to idan feda ta kai sama an samu sararin milimita 10 tsakanin sirdi da ƙafa. Gwiwa ba ta naɗewa sosai, cinya ba ta matse ciki, mahayi na iya sunkuyawa ya kauce wa iska. Tadej Pogačar ya koma 165 a 2024, shekarar da ya haɗa Giro da Tour da kambun duniya, sai kowa ya fara neman gajere. Wannan ma yayi ne, kamar na Indurain.

Amma kada mu yi saurin zagin dogon hannu. Pogačar na da giya da yake canzawa da ɗan yatsa. Keken Baba giya ɗaya gare shi. Mai ɗauke da buhun hatsi ko jarka huɗu ta ruwa, ya shiga rairayi, ba shi da abin da zai rage masa nauyi sai tsawon ƙarfen nan. Mai gyaran ma abin da ya faɗa mini ke nan, ba tare da ya taɓa jin sunan Martin ba: "In ka sa ƙarami, tsohon ku zai zage ni ranar kasuwa."

Duk da haka na nace. Ya tona cikin tarin ƙarafunansa ya zaro na wani ƙaramin keke, na auna, santimita 15 da ɗoriya. Jika biyu har da kuɗin aiki. Muka ɗaga sirdi kaɗan. Ƙanwata ta ce a hawa sai ta miƙe tsaye, amma rangajin ya tafi, kuma sati uku ke nan ban ji maganar gwiwa ba. Tsohon hannun yana nan rataye a ƙusa a zaure, domin Baba ya ce da kaka sai an maida masa abinsa.